Hancin Aro

"Ni ba zan sha ba," in ji Ishbel. Tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon miya a hannu, ko wurin ajiyewa ba ta nema ba. "Miya na kawo maka, ba shaye-shaye na zo yi ba."

"Wa ya ce ki sha? Hancinki kawai nake so ki ara mini."

Dugald McKerral ke nan, daga kan gadon da aka jawo masa falo kusa da murhu tun da ƙafafu suka daina kai shi uwar ɗaka. Ya rame ƙwarai, amma bakin nan nasa yana nan yadda yake. A jikin taga kuwa Rhona Galbraith ce tsaye, rigar ruwanta na ɗiga a kan dardumarsa, tana riƙe da wata 'yar kwalba kamar ta maganin tari. Ita ce mai kantin nan na kusa da tashar jiragen ruwa, wadda sana'arta ita ce ta sayi gangar wuski ɗaya tak, ta ɗura a kwalabe yadda yake, ba ta gauraya shi da na wata ganga ba. In ya ƙare ya ƙare ke nan, har abada ba a sake samun irinsa.

Duk garin Campbeltown an san zancen gangar Dugald. Shi maƙerin ganguna ne a matatar wuskin da ke bayan coci, tun yana saurayi har ranar da aka garƙame ƙofarta. A makon ƙarshe, da kowa ke neman inda zai sa kansa, shi sai ya haɗa ganga da hannunsa, ya saya mata wuski daga ɗibar ƙarshe, aka mirgina ta cikin sito. Shekara talatin da 'yan kai tana kwance a can cikin duhu, kowace shekara kaɗan na tsiyayewa ta jikin katako ya bi iska, abin da suke kira rabon mala'iku. Tun Rhona na bin mahaifinta kanti take jin ana roƙon Dugald ya bari a ɗura, amsarsa kuma ɗaya ce, bai nuna ba tukuna.

To yanzu dai mala'iku sun kusa wuce gona da iri. Rhona ta auna, ta tarar ƙarfin wuskin ya sauko har ya kusa faɗawa ƙasa da abin da doka ta yarda a kira wuski. In aka ƙara hunturu ɗaya, shi ke nan. Likita ma kusan abin da ya faɗa game da Dugald ɗin ke nan, sai dai shi ya fi Rhona iya lauje magana. Abin takaicin shi ne maganin da aka yi ta ɗura masa a asibiti ya kashe masa hanci da harshe. Mutumin da a da yake sansana ganga daga nesa ya faɗa maka abin da ta taɓa ɗauka, yau shayi da ruwan wanke-wanke duk ɗaya ne a bakinsa.

Ya ce sunansa ba zai hau kwalba ba sai ya tabbata abin da ke ciki ya cancanta. In katako ya cinye shi, to a sayar wa masu gauraye-gauraye su narkar da shi cikin dubban ganguna, kada kowa ya san ya taɓa wanzuwa. Rhona ta rantse masa cewa ba ta taɓa ɗanɗana irinsa ba.

"'Yar nan, ke mai sayarwa ce," ya ce. "Kuma kina ƙaunata. Laifi biyu ke nan."

Ishbel McSporran kuwa ba a taɓa kama ta da ko ɗaya daga cikin laifuffukan nan ba, a fili dai. Ƙofarta na kallon tasa a hawa na biyu fiye da shekara arba'in, kuma a tsawon wannan zama ba ta taɓa gaya masa magana mai daɗi wadda ba gaskiya ba. Da ya shafa wa ƙofarsa koren fenti, ta ce ta yi kama da ta bayan gidan tasha. Da marigayiya Effie matarsa ta sayo wata hula mai gashin tsuntsu, Ishbel ta tambaye ta ko kazar ta mutu ne ko tana barci. Hancinta kuma ba shi da na biyu a layin. Ita ce ta jiyo warin gas a matakala tun kafin ma'aikata su gano da na'urarsu, kuma tana sanin madara za ta lalace tun madarar ba ta yanke shawara ba.

Amma wuski? Ubanta ya shanye jirgin kamun kifinsa kaf, har da komar, tun tana 'yar yarinya. Daga nan ba ta yarda ko ɗigo ya taɓa leɓenta ba, ko a biki ko a makoki.

Ta buɗe baki za ta sake cewa a'a, sai ta dubi hannuwansa a kan bargo. Hannuwan nan ne suka yi ta hawo mata da buhun gawayi kowane hunturu tun da mijinta ya rasu. Su suka gyara mata famfo, suka ɗaure mata igiyar shanya, suka riƙe igiyar akwatin gawar mijin nata ranar da aka sa shi a kabari. Bai taɓa neman komai a wurinta ba, ko cokalin sukari. Yau ga shi ya roƙa, sai kunya ta kama ta. Ta dire kwanon a kan teburi da ƙarfi har miyar ta fantsala.

"Sansanawa kawai. Kuma abin da na ji shi zan faɗa, kada ka zo kana mini fuska."

"Don haka na kira ki, tsohuwar masifa."

Rhona ta ɗauko wani tambulan mai faɗin ciki da tsukakken baki, ta tsiyaya kaɗan. Launinsa kamar na shayi marar madara. Dugald ya ce a ɗiga masa ruwa da ƙaramin cokali, aka ɗiga. Yana shirin ƙara wata magana, Ishbel da ba ta saba jiran kowa ba ta fizgi tambulan ta cusa hanci har ciki, ta ja numfashi da ƙarfinta yadda take yi wa kwalbar madara.

Wayyo! Sai da hawaye suka zubo mata. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta miƙar da tambulan can nesa da ita.

"Man goge katako," ta ce tana share ido. "Da tsohon kabad da damshi ya kama. Abin da ka yi ta gadi ke nan shekara da shekaru?"

Rhona ta yi saurin cewa ai Inna Ishbel ba haka ake yi ba, yanzu aka zuba, sai an bar shi ya sha iska. Dugald ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Shi fa ya koya wa rabin garin nan cewa wuskin da ya daɗe a ganga sai an yi haƙuri da shi a tambulan, minti guda a kan kowace shekara. Da bakinsa ya sha korar samari daga teburinsa saboda garaje. Amma ranar nan bai tuna da ko ɗaya ba, ko kuma ya tuna ya ƙi. Abin da yake tsoro ke nan tun da daɗewa, shi ya sa kullum yake cewa bai nuna ba, kuma da ya ji shi daga bakin da ba ya ƙarya, sai ya karɓa hannu bibbiyu.

"Ta faɗa," ya ce. "Na bar shi ya wuce lokacinsa. Ki kira masu gauraye-gaurayen nan gobe su zo su ɗauka."

Rhona ta yi ta magiya, ya juya fuska bango. Ta ja rigar ruwanta ta sauka, ana jin takunta har ƙasa. Ishbel ta ce masa ga miyarsa nan tana hucewa. Ta tattara kofunan shayin safe da tambulan ɗin, ta tsallaka gidanta don ta wanke.

A kicin ta ajiye tambulan a bakin taga, don ba ta so ta zuba abin a inda take wanke kwanukan abincinta, ta hau feraye dankali tana faɗa da kanta. Shi ya ce ta faɗi gaskiya, ta faɗa. Gaskiya ɗaci gare ta, ba yau aka fara ba. Da ya so a lallashe shi ai da ya kira fasto. Duk da haka zuciyarta ba ta yi mata daɗi ba ko kaɗan. Ta feraye dankalin da ya ishi mutum shida alhali ita kaɗai ce, ta share ƙasa, ta leƙa titi ta ga ruwan sama ya tsagaita, tsuntsayen teku sun jeru a kan rufin sito suna jiran jiragen kifi.

Tana cikin goge teburi sai ta tsaya cak. Wani ƙamshi ne ya bugo ta, na 'ya'yan itace da suka nuna luguf. Ta duba kwandonta, babu komai sai albasa biyu. Ta buɗe tanda, wayam. Ta bi hancinta a hankali, ya kai ta bakin taga.

Wannan karon ba ta cusa hanci ba. Ta ɗauki tambulan ta riƙe shi ƙasa da haɓarta, ta bar shi ya zo da kansa. Tuffa da aka gasa. Bayanta kakin zuma, irin wanda ake goge bencin coci da shi kafin bikin Ista. Sai wani gishiri-gishiri kamar in ka buɗe ƙofa da safe iska na tasowa daga teku. Ta ja kujera ta zauna. Ashe ita ce ta yi garaje, ta yanke wa mutum hukunci a kan aikin rayuwarsa tun abin bai buɗe baki ba. Ko rigar girki ba ta cire ba, ta rufe bakin tambulan da tafin hannu ta tsallaka.

Yana nan yadda ta bar shi, miyar ta yi sanyi har mai ya daskare a kai. Ta gaya masa ta yi kuskure, kalmar da rabonta da furtawa tun mijinta na raye. Ta lissafa masa abin da ta ji, tuffa da kakin zuma da iskar teku. Ya saurara bai juyo ba.

"Ishbel, ke ma? Tausayina kike ji."

"Tausayinka? Ni?"

"Rhona ta tare ki a matakala ta karanta miki. Tuffa da zuma ai kowane mai rubuta takardar kwalba ya iya faɗa. Ashe na yi kusa sosai, tun da har kin fara yi mini ƙarya."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, har kunnuwanta suka yi zafi. A ce shekara arba'in tana gaya wa mutumin nan abin da ba ya so ya ji, ranar da ta kawo masa mai daɗi kuma ya kira ta maƙaryaciya! Don haushi ta sake kai tambulan hanci, ta nemo wani aibu da za ta jefe shi da shi ya san ba lallashi ta zo yi ba. Ta kuwa samu.

"To ga wanda ba za ka so ba. Can ƙasa akwai wani abu da bai kamata a ce yana nan ba. Mazarƙwaila. Ƙonanniya ma, irin ta gindin tukunya in na yi sakaci ina dafa alawar Kirsimeti. Me ya kawo sukari cikin abin da aka yi da sha'ir? Wani dai ya yi ƙazanta a wurin aikinku."

Sai ga shi ya juyo, a hankali, yana dafa bango. Ya ƙura mata ido.

"Sake faɗa."

"Kurma ka zama kuma? Mazarƙwaila na ce."

Dariya ta kama shi, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa sai da ta tallafo kansa ta ba shi ruwa. Da ya samu numfashi ya ba ta labari. Ranar da yake haɗa gangar, katakon marfi ɗaya bai yi masa ba, sai ya tuna da wata tsohuwar ganga da ta zo daga ƙetare da giyar rake, wadda aka wargaza aka jingine a bayan maƙera. Ya ciro marfinta ya sassaƙe ya sa, don kawai ya ga abin da zai faru. Mutum biyu ne suka gani, duk sun riga mu gidan gaskiya. Rhona ba ta sani ba, ubanta ma bai sani ba. Shekarun nan duka yana kwana yana tashi da tambaya ɗaya, ko marfin nan zai yi magana ko ba zai yi ba.

"Ya yi," ya ce, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne. "Ba yadda za a yi ki ƙirƙiro wannan. To sauran ma gaskiya ne ke nan."

"Da ma ai na gaya maka."

Ya mai da kai kan filo yana kallon rufi. Can ya soma tambayar yaya yake a harshe, sai ya katse kansa, ya ce a'a, ya yi alkawari sansanawa kawai. Ishbel ta dubi tambulan. Ta tuna ubanta, ta ga kuma wannan da abin da ya cinye jirgin ba su haɗa komai ba sai suna. Ta tsoma ɗan yatsa ta ɗora a harshe. Ta yamutsa fuska, ta jira, don yanzu ta koyi darasi. Ta ce da fari yaji, sannan zaƙi, sannan wani ɗumi da ya sauka ƙirji ya zauna kamar baƙon da ba shi da niyyar tafiya. Dugald ya ce irin baƙon da ake nema ke nan, maza ta kira yarinyar nan kafin ta kira mutanen can.

Rhona ba ta yi wasa ba. Ta ture duk aikin da ke gabanta, aka fito da gangar aka ɗura ba tacewa ba ƙarin launi, yadda ya ce. Kwalaben ba su da yawa, mala'iku sun riga sun kwashi kaso mafi tsoka. A kwanakin nan Dugald na ta raguwa, amma hankalinsa a kwance, har miya yana ɗan sha don kada a yi masa faɗa. Ishbel ta koma kusan can take wuni. Wata rana tana gyara masa filo ta gaya masa, ba tare da ta dube shi ba, cewa ba ta taɓa gode masa gawayin nan ba, kuma ta gode. Ya ce ai da ta bari sai a makabarta, yanzu ta sa shi jin kunya.

Ranar da kwalbar farko ta iso, da la'asar ne, rana ta ɗan leƙo bayan ruwa. Tun safe bai ce komai ba. Rhona ta durƙusa ta kai kwalbar kusa da fuskarsa don ya ga sunansa a jiki, a ƙarƙashinsa an rubuta maƙerin ganga. Ya bi rubutun da ido har ƙarshe. Ta sumbaci goshinsa ta ce, "Baba Dugald, na gode," ta fita da sauri don kada ta yi kuka a gabansa. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba shi ta nuna wa Ishbel yadda za ta jiƙa ɗan soso ta shafa masa a leɓe, ta ce za ta leƙa wani gida a ƙasan layi ta dawo.

Ishbel ta zuba kaɗan, ta ɗiga ruwa, ta zauna a gefen gadon da tambulan a cinya. Gawayi na ɗan ƙara a murhu, a ƙasa wani yana ta fama da motar da ta ƙi tashi. Da wuskin ya sha iska ta jiƙa soson a ciki ta shafa masa. Ya motsa leɓe, ta sunkuya.

"Gaya mini," ya ce. Bayan ɗan lokaci kuma, "Na gode, maƙwabciya."

Ta ce ya yi shiru kada ya ɓata mata aiki. Ta fara faɗa masa abin da ke tasowa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, hannunta ɗaya a cikin nasa. Tuffar ta zo, ta wuce. Mazarƙwailar ta fito da wuri yau. Ta gaya masa akwai ɓawon lemo, akwai igiyar jirgi da ta sha kwalta, akwai wani abu kamar cikin tsohon akwatin littattafai. Abin ba ya tsayawa wuri ɗaya, tana gama faɗar wannan wani ya taso, ita kuma tana biye da shi. Ba ta san daidai lokacin da hannun ya saki ba. Da ta lura, ta dubi fuskarsa ta daɗe.

Sai wani ƙamshi ya sake tasowa, wanda bai taɓa zuwa ba.

"Ga wani kuma, Dugald," ta ce. "Hayaƙi. Kaɗan ne, daga nesa, kamar wani ya hura wuta a tsallaken ruwa."

Ta ajiye tambulan a kan kujera, ta rufe masa ido. Sannan ta je ta ɗaga tagar sama, yadda ake yi a garin in an yi rasuwa, a buɗe wa mai tafiya hanya. Iska ta shigo ta ɗaga labule, a can tasha jirgin kifi na farko yana shigowa da tsuntsaye a bayansa.